Ruwan da ke Fita daga Gaban Mace: Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Homon da Bakteriyar Farji

Mata da yawa suna ɗaukar duk wani ruwa da suka gani a ɗan kamfai a matsayin alamar ciwo, wasu kuma suna shafe shekaru da ruwan da ya kamata likita ya duba, amma suna ganin ai haka jikinsu yake. Tushen kuskuren biyun ɗaya ne, wato rashin sanin abin da ke sarrafa wannan ruwa. Abubuwa biyu ne suka fi tasiri a kansa: sinadaran homon da jiki ke sakewa cikin jini, da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin farji, kuma aikin ɗayan a jingine yake da na ɗayan.

Daga ina wannan ruwa yake fitowa, kuma shin fitarsa alamar cuta ce?

Fitarsa ba cuta ba ce. Mace mai lafiya da ke cikin shekarun haihuwa tana fitar da kimanin mililita 1 zuwa 4 a kowace rana, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, kuma da shi ne farji ke wanke kansa.

Ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Wani ɓangare yana tsatsowa ne daga jijiyoyin jini ta bangon farji, domin bangon ba shi da jakunkunan da ke samar da ruwa na kansa. Wani ɓangare kuma majina ce mai yauƙi da bakin mahaifa ke samarwa. A cikin waɗannan biyu ne matattun ƙwayoyin fatar ciki da ke saɓewa kullum suke gauraya da ɗimbin bakteriya, su ba ruwan launinsa fari ko mai kama da madara. A ƙofar farji akwai wasu ƙananan jakunkuna biyu da ake kira da sunan Caspar Bartholin, masanin jikin ɗan'adam na ƙasar Denmak wanda ya bayyana su a ƙarni na 17, suna ƙara ɗan ruwa a lokacin sha'awa. Sai dai mafi yawan jiƙewar da ake samu a lokacin ba daga gare su take ba. Jini ne ke cika jijiyoyin wurin, ruwa ya tsatso ta bango cikin daƙiƙu kaɗan.

Waɗanne homon ne suke da hannu a wannan aiki?

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke sakewa cikin jini domin ya isar da umarni ga wata gaɓar. A nan biyu ne manya, estrojin da projestaron, kuma ma'ajiyar ƙwan mace ce ke samar da su bisa umarnin da ke sauko mata daga ƙwaƙwalwa. Estrojin yana kaurara fatar cikin farji, yana ƙara gudun jini a wurin, yana sa bakin mahaifa ya saki majina mai yawa mai tsinkewa. Projestaron kuwa yana daskarar da majinar, ya rage yawanta.

Idan akwai bakteriya a farji, ashe ba ƙazanta ba ce ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci a duk bayanin. A shekarar 1892 likitan mata ɗan ƙasar Jamus, Albert Döderlein, ya duba ruwan gaban mata masu juna biyu a madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu, ya ga wasu dogayen bakteriya masu siffar sanda sun cika ruwan waɗanda suke da lafiya, kuma ruwan nasu yana da tsami. Waɗannan su ne ake kira Lactobacillus a yau.

Yadda abin yake tafiya kamar sarƙa ne. Idan estrojin ya kaurara fatar cikin farji, ƙwayoyin fatar suna tara wani nau'in suga da jiki ke adanawa, mai suna gilaikojin. Da ƙwayoyin saman suka saɓe, gilaikojin ɗin yakan zube cikin ruwan, wasu sinadarai su farfasa shi zuwa ƙananan suga, Lactobacillus su cinye su, su fitar da asid ɗin laktik, wato irin asid ɗin da ke sa madara ta yi tsami. Wannan asid shi ne ke riƙe ma'aunin tsamin farji, wanda ake kira pH, tsakanin 3.8 da 4.5. A wannan ma'auni 7 ne tsaka-tsaki, kuma kowane mataki ɗaya da aka sauka ninki goma ne na tsami, don haka farjin da ke kan 4 ya fi ruwan sha tsami sau dubu. Yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a irin wannan wuri. Ban da asid, Lactobacillus suna manne wa bangon su tare gurbin da wata ƙwaya za ta zauna, suna kuma fitar da wasu sinadarai masu kashe abokan hamayyarsu.

Akwai alamar wannan tsami da mace za ta iya gani da idonta: ɗan kamfai baƙi ko mai duhun launi yakan koɗe a tsakiya bayan wasu watanni, ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa bilic. Mata da dama sukan firgita da wannan, alhali asid ɗin ne yake cin rinin tufafin. Haka ma ɗan warin tsami-tsami da ruwan lafiya yake da shi daga nan ya samo asali.

Abin mamaki, ɗan'adam ya fita daban a wannan. A sauran dabbobi masu shayarwa da aka bincika, har da birai, Lactobacillus ba su cika wuce kashi 1 cikin 100 na bakteriyar farji ba, kuma wurin ba shi da irin wannan tsami.

Shin bakteriyar duk mata iri ɗaya ce?

Ba iri ɗaya ba ce. A 2011 Jacques Ravel na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa sun binciki mata 396 a Amurka, dukkansu masu shekarun haihuwa waɗanda ba sa kukan komai, suka gano cewa sun kasu rukuni biyar. A huɗu daga ciki nau'in Lactobacillus guda ne ke da rinjaye: crispatus, ko gasseri, ko iners, ko jensenii. A na biyar kuwa Lactobacillus kaɗan ne, tarkacen bakteriya iri-iri ne suka cika wurin, tsamin kuma bai kai na sauran ba. Wannan rukuni na biyar ya fi yawa a cikin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, inda ya kai kusan kashi 40 cikin 100, yayin da a fararen fata yake wajen kashi 10.

Su kansu nau'ukan huɗun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Crispatus ne ya fi riƙe tsami, kuma macen da yake da rinjaye a jikinta ta fi daɗewa ba tare da rikicewa ba. Iners ya fi rauni, yana iya zama tare da ƙwayoyin da ke kawo matsala, sau da yawa ma shi ake tararwa gab da rikicewar wurin ko bayan an sha magani. Wani binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mace ɗaya tana iya tashi daga wannan rukuni zuwa wancan cikin 'yan kwanaki. A ganina darasin da ya fi amfani a nan shi ne kada mace ta auna kanta da 'yar'uwarta ko ƙawarta; abin da ya dace ta lura da shi shi ne sauyi daga abin da ita kanta ta saba gani.

Me ya sa ruwan yake canza kama a cikin wata ɗaya?

Saboda homon ɗin biyu suna karɓa-karɓa. A kwanakin farko bayan ɗaukewar jinin al'ada estrojin yana ƙasa, don haka wurin yakan ɗan bushe, ko a ga ruwa kaɗan mai danƙo. Yayin da ƙwai ke nuna, estrojin yana hawa, ruwan ya ƙaru ya koma fari mai laushi kamar man shafawa. Kwana ɗaya ko biyu kafin sakin ƙwai estrojin yana kai ƙololuwa, bakin mahaifa ya ninka majinar da yake fitarwa sau goma ko fiye, ta zama garai-garai mai santsi kamar farin ɗanyen ƙwai. Idan mace ta ɗauke ta tsakanin babban yatsa da manuniya ta buɗe su a hankali, za ta ga zaren yana miƙewa har santimita 10 kafin ya tsinke. Idan aka shafa ta a gilashi ta bushe aka duba a madubin likita, gishirin da ke cikinta yakan zana rassa-rassa kamar ganyen dabino.

Wannan majina ba don ado take ba. Tsamin farji yana kashe maniyyi cikin sa'o'i kaɗan, amma majinar wannan lokaci ba ta da tsami, zarurrukanta kuma sun saki sun bar hanyoyi, don haka ƙwayoyin maniyyi suna shiga cikinta su fake, su rayu har kwana biyar. Shi ƙwan mace ba ya wuce sa'o'i 12 zuwa 24 bayan an sake shi. Wannan ne ya sa kwanakin ɗaukar ciki suke shida: biyar kafin sakin ƙwai, da ranar sakin. A kan lura da wannan majina ne likitocin nan miji da mata na birnin Melbon a Ostareliya, John da Evelyn Billings, suka gina hanyarsu ta gane kwanakin haihuwa, aikin da ya faro a shekarun 1950.

Bayan sakin ƙwai sai projestaron ya karɓi ragama na kimanin kwana 14. Cikin kwana ɗaya ko biyu majinar takan yi kauri ta toshe bakin mahaifa, ruwan da ake gani ya ragu, ya zama fari mai danƙo, idan ya bushe a tufafi ya ɗan yi rawaya-rawaya. Wannan rawayar ta bushewa ba alamar ciwo ba ce.

Me ya sa wari yake ɗan tashi bayan al'ada ko bayan saduwa?

Jini yana kan pH 7.4, maniyyi kuma yana tsakanin 7.2 da 8, don haka duk biyun suna rage tsamin farji na wani lokaci. A kwanakin al'ada Lactobacillus sukan ragu, wasu bakteriyar masu son sinadarin ƙarfen da ke cikin jini su ƙaru. A jikin mai lafiya tsamin yakan dawo cikin sa'o'i bayan saduwa, cikin 'yan kwanaki kuma bayan al'ada. Idan kuwa warin ƙarnin kifi ne mai ƙarfi, kuma kullum bayan saduwa yake tasowa, wannan wata magana ce da za a zo kanta a gaba.

An haifi jaririya ana ganin farin ruwa a gabanta, wani lokaci har da ɗigon jini. Mene ne wannan?

Estrojin ɗin uwa ne da ya ratsa mabiyiya ya shiga jikin jaririyar tun tana ciki. Shi ke sa farin ruwan, ɗigon jinin kuma yana zuwa ne lokacin da homon ɗin ya fara janyewa a makon farko. Cikin 'yan makonni komai yakan wuce da kansa, ba a buƙatar magani kuma ba a goge wurin da ƙarfi.

Daga nan har zuwa balaga estrojin kaɗan ne a jikin yarinya, fatar cikin siririya ce, babu tsami, Lactobacillus kuma ba su da yawa. Shi ya sa sabulu mai ƙarfi ko yin tsarki daga baya zuwa gaba yake saurin jawo wa ƙananan yara kumburi da ƙaiƙayi. Farin ruwa marar wari yakan dawo watanni 6 zuwa 12 kafin al'adar farko, kuma alama ce ta cewa ma'ajiyar ƙwai ta fara aiki. Amma ruwa mai wari, ko mai jini, ko mai launin kore a jikin ƙaramar yarinya abu ne da dole likita ya gani.

Yaya abin yake a lokacin ciki da shayarwa?

Ciki lokaci ne na estrojin mai yawan gaske, don haka ruwan yana ƙaruwa, fari, tsinkakke, marar wari, Lactobacillus kuma sun fi kafuwa a wannan lokaci fiye da kowane. Projestaron yana tara majina mai kauri a bakin mahaifa ta zama kamar murfi, wadda takan faɗo gab da naƙuda, wani lokaci da zaren jini a jikinta. Abin da mai ciki za ta kiyaye shi ne ruwa tsinkakke sosai da ke ɗiga ko kwarara ba ƙaƙƙautawa yana jiƙa tufafi, domin yana iya zama faya ce ta fashe, kuma wannan na gaggawa ne ko da watannin ba su cika ba.

Da mabiyiya ta fita, estrojin yana faɗuwa cikin kwanaki kaɗan. Jinin haihuwa yakan ɗauki har mako shida, daga ja ya koma ruwan ƙasa, ya ƙare da fari-fari. Homon ɗin da ke samar da nono, furolaktin, yana danne aikin ma'ajiyar ƙwai, saboda haka mai shayarwa takan ji bushewa da zafi lokacin saduwa. Ba rashin sha'awa ba ne kuma ba ciwo ba ne. Man santsi da aka yi domin haka yana taimakawa, kuma yakan gyaru idan al'ada ta dawo.

Bayan mace ta daina al'ada fa?

Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Da estrojin ya janye sai sarƙar nan ta warware daga tushe: fatar cikin ta sirance, gilaikojin ya ragu, Lactobacillus su rasa abinci, pH ya haura 5. Sakamakon shi ne bushewa, da raɗaɗi, da zafin saduwa, da yawan kamuwa da ciwon mafitsara. Kusan rabin matan da suka daina al'ada suna fama da wani abu daga cikin waɗannan, kuma saɓanin zafin jikin nan mai tasowa da gumi wanda yakan lafa da shekaru, bushewar ƙaruwa take yi idan ba a kula da ita ba. Estrojin ɗin da ake sakawa kai tsaye a farji, na shafawa ko na ƙwaya, yana dawo da kaurin fatar, tsamin ya dawo, Lactobacillus su biyo baya. Ina ganin babu wata hujja da ta fi wannan nuna cewa bakteriyar tana bin homon ne. Likita ne ke rubuta shi, musamman ga wadda ta taɓa yin kansar nono. Duk wani jini da aka gani bayan shekara guda da daina al'ada, komai ƙanƙantarsa, sai an bincika.

Hanyoyin tsarin iyali suna canza ruwan?

Suna canzawa. Allura, da ashanar da ake sakawa a damtse, da ƙwaya mai homon ɗaya, duk suna ɗauke da sinadari mai aiki irin na projestaron, kuma daskarar da majinar bakin mahaifa yana cikin hanyoyin da suke hana ɗaukar ciki. Mai amfani da su ba ta cika ganin ruwan nan mai kama da farin ƙwai ba, allurar wata uku kuma takan rage estrojin har wasu su ji bushewa. Masu shan ƙwaya mai homon biyu an ga rikicewar bakteriya ba ta cika samunsu kamar sauran mata ba, yayin da na'urar jan ƙarfe da ake sakawa cikin mahaifa, wadda ba ta da homon, takan ɗan ƙara yawan ruwa da yiwuwar rikicewar.

Mene ne ke faruwa idan Lactobacillus suka rasa rinjaye?

Wannan shi ne rikicewar bakteriyar farji, wadda likitoci ke taƙaitawa da BV, kuma ita ce kan gaba wajen jawo ruwan da ba na lafiya ba ga mata masu shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 23 zuwa 29 cikin 100 nasu. A 1955 ne Herman Gardner da Dean Dukes suka danganta ta da wata ƙwaya wadda daga baya, a 1980, aka raɗa mata suna Gardnerella vaginalis. Yanzu an san ba ita kaɗai ba ce: ita ce ke shimfiɗa wata danƙararriyar shimfiɗa a bangon farji, wasu ƙwayoyin da ba sa son iska, irin su Prevotella, su zo su zauna a ciki.

Kowace alamar wannan matsala tana da dalilinta. Ruwan yana tsinkewa ya zama fari-fari ko ruwan toka domin waɗannan ƙwayoyi suna fitar da sinadaran da ke narkar da majina. Ƙarnin kifin kuwa daga wasu sinadarai ne da suke samarwa, ciki har da ainihin wanda ke sa ruɓaɓɓen kifi wari. Waɗannan sinadarai a ɗaure suke matuƙar akwai tsami, amma da maniyyi ko jini ko sabulu ya rage tsamin sai su tashi cikin iska, shi ya sa warin ya fi fitowa bayan saduwa. Ƙaiƙayi da kumburi ba su cika yawa ba, kuma kusan rabin masu ita ba sa jin komai.

Tun 1983 likitoci suna amfani da alamomi huɗu da Richard Amsel da abokan aikinsa suka tsara, idan an sami uku a tabbatar: ruwa tsinkakke, pH sama da 4.5, tashin ƙarni idan aka ɗiga wa ruwan wani sinadarin gwaji, da ganin ƙwayoyin fata da bakteriya suka lulluɓe har gefensu ya ɓace. Ba wari kaɗai ne ya sa ake damuwa da ita ba. Tana ninka haɗarin haihuwa kafin lokaci kusan sau biyu, tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da ƙwayar ƙanjamau da kimanin kashi 60 cikin 100, domin garkuwar majina da ta tsami duk sun raunana. Maganinta metronidazole ne ko clindamycin.

Me ya sa take yawan dawowa, kuma shin miji ma zai sha magani?

Fiye da rabin matan da aka yi wa magani tana dawo musu cikin shekara guda. Maganin ba ya ratsa danƙararriyar shimfiɗar nan gaba ɗaya, kuma ko ya share ƙwayoyin, babu tabbacin crispatus ne zai dawo ya cike gurbin. An daɗe ana cewa ba a buƙatar yi wa miji magani, amma wani gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda aka fitar da sakamakonsa a watan Maris na 2025, ya girgiza wannan matsaya. An bai wa mazan ƙwayar metronidazole tare da man clindamycin na shafawa a gaba na kwana bakwai. Cikin mako 12 matsalar ta dawo wa kashi 35 cikin 100 na matan da aka yi wa mazajensu magani, yayin da ta dawo wa kashi 63 na waɗanda su kaɗai aka yi wa. Wannan ba ya nufin wani ya ci amanar wani. Ƙwayoyin suna iya zama a fatar namiji ba tare da wata alama ba, ma'aurata su riƙa miƙa wa juna.

To, farin ruwa mai gudaji-gudaji da ƙaiƙayi mai tsanani fa?

Wannan yawanci ba bakteriya ba ce, wani nau'in yis ne mai suna Candida, wanda ke zaune shiru a jikin mata da yawa. Kimanin mata uku cikin huɗu za su yi fama da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. A nan estrojin ba ya kare mace, ƙarfafa yis ɗin ma yake yi, shi ya sa matsalar ta fi yawa a lokacin ciki, ba ta kuma cika samun ƙananan yara da tsofaffi ba. Tsami ba ya damun Candida, don haka pH yakan kasance daidai. Ciwon suga da ba a daidaita ba yana kawo shi, haka ma shan antibayotik, wanda ke kashe bakteriya ya bar yis ɗin ba abokin hamayya. Ana maganinsa da clotrimazole na matsi ko ƙwayar fluconazole, sai dai mai ciki na matsin ake ba ta.

Za a iya gane ciwon ta launi da wari kawai?

Ba da tabbaci ba. Kalmar "sanyi" da ake jefa wa duk wani ruwa da ƙaiƙayi tana rufe matsaloli daban-daban waɗanda magungunansu ba sa maye gurbin juna, har ma maganin wannan yana iya tayar da wancan. Trichomonas, wata ƙaramar halitta mai iyo da ake ɗauka ta saduwa, takan kawo ruwa mai kumfa, rawaya ko kore-kore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 156 a 2020, kuma dole a yi wa ma'aurata magani tare. Gonoriya da kilamidiya, waɗanda su ma ta saduwa ake ɗaukarsu, bakin mahaifa suke kamawa, sau da yawa ba tare da alama ba, suna iya haurawa su toshe hanyoyin ƙwai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zama a kan masai yake kawowa, duk da yadda wannan zato ya yaɗu.

Wanke cikin farji da sabulu ko wani ruwan magani yana taimakawa?

Cutarwa yake yi. Yana share Lactobacillus da majina, ya rage tsami, ya buɗe wa BV ƙofa, daga nan wari ya tashi, mace ta ƙara wankewa, matsalar ta ƙara kafuwa. Haka abin yake ga turare da duk wani abin da ake cusawa domin busarwa ko matsewa. Wanke waje da ruwa ya wadatar. Shan taba ma an danganta shi da raguwar Lactobacillus.

Ƙwayoyin "bakteriya mai amfani" da ake sayarwa suna dawo da Lactobacillus?

Yawancinsu nau'ukan hanji ne, ba na farji ba, kuma hujjar amfaninsu mai rauni ce. Wanda ya nuna alamar nasara shi ne crispatus mai rai da ake sakawa a farji bayan kammala metronidazole: a gwajin da aka wallafa a 2020, dawowar BV cikin mako 12 ta sauka daga kashi 45 zuwa kashi 30 cikin 100.

Yaushe ne ya kamata a je asibiti?

Idan ruwan ya saɓa wa abin da mace ta saba gani a launi ko wari ko yawa, kuma sauyin bai bi kwanakin wata ba. Idan yana tare da ƙaiƙayi, ko ƙuraje, ko zafin fitsari. Idan akwai jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada biyu. Ko kuma idan an yi magani ya dawo. Ciwon mara da zazzaɓi tare da ruwa ba a kwana da su, haka kuma duk wani sauyi a jikin mai ciki. Ruwa tsinkakke mai wari da ke gauraye da jini yana cikin alamun kansar bakin mahaifa, wari mai tsanani da ya zo farat ɗaya kuma wani lokaci audugar al'ada ce aka manta a ciki. Kafin zuwa, kada a wanke cikin kuma kada a saka wani magani na kwana ɗaya ko biyu, domin hakan yana ɓata gwajin, sannan a riƙe ranar da al'adar ƙarshe ta fara da sunan duk maganin da aka sha a makonnin baya, saboda su ne likita zai fara tambaya.